Renon Irin Rake da Magungunan Kuzari na Halitta: Ribar da Ke Ciki da Kuma Iyakarta

A duk lokacin da aka zauna tattauna batun dogaro da kai wajen samar da sukari a Nijeriya, abubuwan da suka fi ɗaukar hankalin mahukunta da masu zuba jari su ne filaye, madatsun ruwa da kuma manyan injunan matse rake. Ba kasafai ake tsayawa a kan batun iri ba, alhali kuwa babu wata masana'antar sukari da za ta iya yin aiki fiye da yawan raken da aka shuka mata, kuma babu gonar rake da za ta faɗaɗa fiye da irin da take iya samu a lokacin shuka.

Nijeriya tana shan sukari sama da tan miliyan 1.5 a kowace shekara, amma abin da ake samarwa daga raken da aka noma a cikin gida bai kai kashi 5 cikin 100 na wannan adadi ba. Sauran kuwa ɗanyen sukari ne da ake sayowa da kuɗin ƙasashen waje, akasari daga Birazil, a tace shi a matatun da ke Legas da Fatakwal. Domin magance wannan giɓi ne aka kafa Hukumar Bunƙasa Sukari ta Ƙasa a 1993, sannan Gwamnatin Tarayya ta amince da babban shirin sukari na ƙasa a 2012, wanda ya fara aiki a 2013 da burin noma rake a fili sama da hekta 200,000. Wa'adin farko na shekara goma ya cika ba tare da an kusanci wannan buri ba, abin da ya sa aka ƙara wa shirin wasu shekaru goma.

NAUYIN IRI A KAN MANOMI

Rake ba kamar masara ko dawa ba ne da ake shuka ƙwaya. Karan kansa ake sarewa gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da ido biyu ko uku, a binne a cikin kunya. A ƙasar Indiya wannan hanya tana cin tan 6 zuwa 8 na rake a kowace hekta, yayin da a Birazil, inda injuna ke yin shukar kuma suke lalata idanu da yawa, adadin yakan kai tan 18 zuwa 20. Ma'ana, hekta ɗaya ta gonar iri ba ta wuce ta shuka hekta 8 zuwa 10 ba.

Idan aka ɗauki tan 8 a kowace hekta, shuka hekta 200,000 karo guda zai buƙaci tan miliyan 1.6 na rake wanda za a binne a ƙasa maimakon a kai shi injin. Ko a ƙaramin ma'auni ma, gandun da ke son shuka hekta 10,000 zai binne tan 80,000, wanda idan ana samun sukari kashi 10 cikin 100 na nauyin rake, daidai yake da tan 8,000 na sukari. Bayan wannan akwai kuɗin sara, lodi da dakon kaya mai nauyi a kan hanyoyin karkara. Akwai kuma cututtuka irin su burtuntunar rake da jan ruɓa, waɗanda ke bin karan iri daga gona zuwa gona. Wannan nauyi bai tsaya ga manyan gandaye irin na Numan a Jihar Adamawa, Sunti a Jihar Neja ko Lafiagi a Jihar Kwara ba. Manomin fadama a Makarfi ta Jihar Kaduna, mai noman raken sha da na mazarƙwaila, shi ma yana keɓe wani kaso na amfaninsa kowace shekara domin iri, ko kuma ya saya da tsada.

FASAHAR ƁANTARE IDO

Maganin da ƙasashe masu ƙarfin noman rake suka samo shi ne rabuwa da binne kara. A maimakon haka sai a ɓantare idon kaɗai tare da ɗan guntun jikin gaɓar, a reni tsiron a cikin faranti mai gurabe, sannan a dasa shi a gona kamar yadda ake dasa tumatir ko barkono. Ragowar karan, wanda shi ne mafi yawan nauyin, sai ya tafi injin.

A shekarar 2009, cibiyar binciken amfanin gona ta ICRISAT mai hedikwata kusa da birnin Haidarabad na Indiya, wadda take da reshe a Kano da kuma Sadore a Jamhuriyar Nijar, ta haɗa kai da asusun kare muhalli na WWF suka fitar da wani tsari na noman rake mai ɗorewa. A ƙarƙashin tsarin, eka ɗaya tana buƙatar dashe kimanin 5,000, wato wajen 12,500 a hekta, a maimakon gunduwoyi 16,000 masu ido uku-uku da aka saba binnewa a eka. Ana jera farantan a lulluɓe su da leda na kwana 5 zuwa 8 domin ɗumi ya tayar da idon, sannan a baza su a ƙarƙashin rumfar raga har dashen ya yi kwana 25 zuwa 35.

A Birazil kuwa, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Kamfinas a jihar Sao Paulo ta fitar da nata tsarin a farkon shekarun 2010, inda ake renon dashen na kimanin kwana 60, kuma irin da hekta ke ci ya sauko zuwa wajen tan 2.

Sai dai kuma fasahar tana da rauni guda wanda duk mai renon iri ya san da shi. Gunduwa mai ido uku tana ɗauke da ruwa da sukari mai yawa, wanda tsiron ke ci har ya kafa saiwa. Ɓantararren ido kuwa guzurinsa kaɗan ne, yana bushewa cikin 'yan kwanaki, kuma raunin da wuƙa ta yi masa ƙofa ce ga funfuna mai ruɓar da iri. Idan aka gamu da sanyin hunturu, lamarin yakan ƙara tsananta, domin idon rake ya fi tashi a ɗumin da ke kusa da digiri 30 a ma'aunin Salshiyos, kuma yana yin nawa sosai idan ɗumin ya sauka ƙasa da digiri 20. Saboda haka nasarar wurin reno ta dogara ne a kan yadda tsiron zai yi saurin fitar da saiwa kafin guzurinsa ya ƙare. A daidai wannan gaɓa ne magungunan kuzari na halitta suke da muhimmanci.

MENE NE MAGUNGUNAN KUZARI?

Waɗannan abubuwa ba taki ba ne, kuma ba maganin kashe ƙwari ba ne. Dokar Tarayyar Turai ta 2019 a kan kayan taki, wadda ta fara aiki a watan Yulin 2022, ta bayyana su da cewa abubuwa ne da ke zaburar da tsiro wajen cin abinci ba tare da la'akari da yawan abincin da ke cikinsu ba, domin ya fi amfana da takin da aka ba shi, ya jure wa fari, zafi ko gishirin ƙasa. Ana iya kasa waɗanda suka shafi rake gida huɗu.

Na farko su ne ƙwayoyin bakteriya masu zama a jikin rake. A 1988, masaniyar kimiyyar nan Johanna Dobereiner ta hukumar binciken aikin gona ta Birazil, Embrapa, tare da abokin aikinta Vladimir Cavalcante, sun ba da rahoton gano wata ƙwaya da ke rayuwa a cikin karan rake, tana jure wa yawan sukari, tana kuma iya ɗebo naitirojin daga iska. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa wannan ƙwaya da danginta, irin su Azosfirilum, suna kuma fitar da sinadarin oksin, wanda ke sa tsiro ya yawaita saiwoyi. A 2018 Embrapa da kamfanin BASF suka fitar da wani magani na rake mai suna Aprinza, wanda aka yi da irin waɗannan ƙwayoyi.

Na biyu su ne nau'o'in funfuna masu amfani. Tirikodama tana mamaye bakin raunin da kewayen saiwa, tana hana funfuna mai cutarwa samun wurin zama. Ita kuwa maikoraiza tana shiga cikin saiwa, ta miƙa zaruruwanta cikin ƙasa zuwa inda saiwar ba ta kai ba, ta jawo wa tsiron fosfaras da ruwa. Littafin jagora na tsarin Indiya ya ba manomi zaɓin tsoma idanun na 'yan mintoci a ruwan da aka haɗa da Tirikodama, fitsarin shanu da farar ƙasa, a madadin magungunan da aka saba.

Na uku shi ne ruwan ciyawar teku. Wata cibiyar bincike ta gwamnatin Indiya da ke Babnagar a jihar Gujarat ta samar da hanyar tatsar ruwa daga jar ciyawar da masunta ke nomawa a gaɓar tekun Tamil Nadu, kuma ƙungiyar haɗin kan manoma ta IFFCO tana sayar da shi da sunan Sagarika. Akwai kuma wata ciyawar mai ruwan ƙasa da ake girba a gaɓar Norwe, Ailan da Kanada. Ruwan yana ɗauke da fotash da wasu sinadarai da ke zaburar da tsiro ya yi saiwa ya kuma jure wa wahala.

Na huɗu su ne waɗanda ake samu daga ganye da ruɓaɓɓen taki. Ganyen zogale yana ɗauke da sinadarin zeyatin, wanda ke cikin dangin sinadaran da ke sa ƙwayoyin jikin tsiro su rarrabu su kuma tayar da ido. An yi gwaje-gwajen fesa ruwansa a kan amfanin gona daban-daban a Nikaraguwa da kuma Jami'ar Aikin Gona ta Faisalabad a Fakistan, inda akan surka kashi ɗaya na ruwan ganyen da kimanin kashi 30 na ruwa. Haka nan baƙin sinadarin da ke fita daga takin da ya ruɓe sarai, musamman wanda tana ta sarrafa, an tabbatar yana ƙara yawan ƙananan saiwoyi.

LISSAFIN KUƊI

Ta fuskar tattalin arziki, abin da ya bambanta amfani da waɗannan magunguna a wurin reno da amfani da su a gona shi ne yawan abin da ake buƙata. Dashen hekta guda, wato 12,500, zai shiga faranti 250 masu gurabe 50, waɗanda za a iya jerawa a ƙarƙashin rumfa ɗaya. Ruwan da za a tsoma idanun hekta guda a ciki bai wuce 'yan bokitai ba, kuma akan sake amfani da shi. Wanda zai fesa wa hektar baki ɗaya bayan rake ya girma kuwa yana buƙatar ruwa ɗaruruwan lita, da ma'aikata, kuma rana da ruwan sama za su lalata wani kaso. Bugu da ƙari, ƙwayar da ta kama saiwa tun a faranti tana bin dashen zuwa gona ba tare da ƙarin kuɗi ba.

Domin a fahimci darajar kowane ƙarin tsiro, sai a ɗauki wannan misali na lissafi. Idan idanu 70 cikin 100 ne ke zama dashe mai kyau, mai reno zai cika gurabe kusan 17,900 kafin ya samu na hekta ɗaya. Idan adadin ya hau zuwa 90 cikin 100, gurabe 13,900 sun wadatar. Bambancin gurabe 4,000 ne, wato faranti 80, tare da ƙasar da aka zuba musu, ruwan da aka ba su da ladan wanda ya ɓantare idanun. A gandun da ke dasa hekta 1,000 a shekara, wannan bambanci ya kai gurabe miliyan 4. Wannan shi ne ma'aunin da ya kamata a ɗora kowane magani a kai: nawa aka kashe wajen sayensa, kuma dashe nawa ya ƙara.

Har ila yau ribar ba ta ƙare a wurin reno ba. Dashen da ya shiga gona da cikakkiyar saiwa ba ya daɗewa kafin ya kama ƙasa, yana rage aikin cike gurbin waɗanda suka mutu, yana kuma fitar da 'ya'ya a lokaci guda, ta yadda karan za su nuna tare. Ganin cewa rake akan sare shi a bar gyauro ya sake tohowa har sau uku, huɗu ko fiye, duk gurbin da aka bari a shekarar farko hasara ce da za ta maimaita kanta a kowane girbi. Icce dai tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Akwai kuma batun kuɗin musaya. Bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren a watan Fabrairun 2022, farashin takin yuriya a kasuwar duniya ya haura dala 900 kan kowane tan, sannan sakin darajar naira da aka yi a watan Yunin 2023 ya ƙara tsadar duk wani abin da ake shigowa da shi. A wannan yanayi, ruwan ciyawar teku da aka yi odarsa daga Turai ko Asiya ƙarin buƙatar dala ne. Amma zogale, ɓuntun shinkafa, tuƙar rake da lakar da ke fita wajen tace ruwan rake a masana'anta duk ana samunsu a cikin gida. Wannan lakar, idan ta ruɓe sarai, tana daga cikin abubuwan da ake haɗa ƙasar faranti da su a Indiya da Birazil. Ƙwayoyin bakteriya da funfuna su ma ana iya yaɗa su a ɗakunan gwaji na cikin gida da zarar an tantance nau'in da ya dace.

INDA HAƊARIN YAKE

Kuskure mafi girma shi ne a ɗauki waɗannan magunguna a matsayin madadin taki. Rake shuka ce mai cin abinci ƙwarai, kuma tan 80 ko 100 na kara ba sa fita daga hekta ba tare da sun kwashi naitirojin da fotash mai yawa ba. Ko batun ɗebo naitirojin daga iska ma, sakamakon bai zama ɗaya a ko'ina ba. A Birazil an samu shaidar cewa wasu nau'o'in rake suna samun wani kaso na buƙatarsu ta wannan hanya, amma binciken da aka yi a Ostareliya da Afirka ta Kudu bai samu irin wannan shaida ba. Ƙasar Siri Lanka ta nuna abin da gaggawa ke haifarwa, lokacin da ta haramta shigo da takin zamani a watan Afrilun 2021. Noman shinkafa da na shayi ya faɗi, kuma kafin ƙarshen shekarar gwamnati ta janye dokar.

Na biyu, babu maganin kuzarin da zai warkar da irin da ya taho da cuta. Cutar da ke tsumburar da gyauro, wadda ba ta da wata alama bayyananniya a jikin kara, ana magance ta ne ta hanyar tsoma iri a ruwan zafi mai digiri 50 na tsawon awa biyu, ko kuma a samo iri daga ɗakin gwaji. Dole ne kuma a ɗebi idanu daga rake mai lafiya wanda bai tsufa ba, mai kimanin wata 7 zuwa 9. Idan aka yi sakaci da wannan, fasahar ɓantare ido za ta yaɗa cuta cikin sauri fiye da tsohuwar hanya, tunda kara ɗaya yana shuka fili mai faɗi.

Na uku, yawancin waɗannan magunguna rayayyun halittu ne. Zafin rumfar kasuwa ko bayan mota yana kashe su, wa'adinsu watanni ne kawai, kuma wanda ya haɗa Tirikodama da maganin kashe funfuna a bokiti ɗaya ya zubar da kuɗinsa. Manomi ba shi da hanyar gane mataccen magani da ido, abin da ya buɗe ƙofa ga 'yan algus.

Indiya ta ɗanɗana wannan matsala. Sai a watan Fabrairun 2021 ne ta sanya magungunan kuzari a ƙarƙashin dokar kula da taki, kuma a 2025 Ministan Aikin Gona na ƙasar, Shivraj Singh Chouhan, ya bayyana cewa an yi shekaru ana sayar da nau'o'i kusan 30,000 ba tare da tantancewa ba, waɗanda bayan tsaurara bincike suka ragu zuwa wajen 650. Nijeriya tana da dokar kula da ingancin taki ta 2019, amma doka ba ta isa ba sai an samu ɗakunan gwaji da za su iya ƙirga rayayyun ƙwayoyin da ke cikin kwalba, da jami'an da za su bi kasuwanni suna ɗibar samfur.

ABIN DA YA RAGE A YI

Ƙasar nan ba ta rasa cibiyoyin da za su ɗauki wannan aiki ba. Cibiyar Binciken Hatsi ta Ƙasa da ke Badeggi a Jihar Neja ita ke da alhakin binciken rake, akwai Cibiyar Sukari ta Nijeriya a Ilori, sannan akwai ɗakin yaɗa irin rake a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Abin da ake buƙata daga gare su shi ne gwaji a kan nau'o'in raken da ake nomawa a nan, a ƙasar Numan, Sunti, Lafiagi da fadamun Arewa, a lokacin hunturu da na bazara, tare da bayyana sakamakon da naira da kwabo yadda mai zuba jari zai fahimta.

Mai renon iri shi ma ba sai ya jira ba. Yana iya ware faranti 20, ya yi wa 10 magani ya bar 10, da idanu daga gona ɗaya, ƙasa ɗaya da ban ruwa ɗaya. Bayan kwana 30 sai ya ƙirga waɗanda suka tsira, ya zare wasu ya duba saiwarsu, ya kwatanta da kuɗin da ya kashe. Idan bambancin bai biya kuɗin maganin ba, to ya bar shi komai daɗin bakin mai tallarsa.

Ga manyan kamfanoni kuwa, rarraba dashe maimakon kara ga manoman da ke noma musu rake a kewayen gandaye zai rage kuɗin dako, ya ba su damar sa ido a kan lafiyar iri, ya kuma buɗe sana'ar reno ga matasa da mata a ƙauyukan da ke makwabtaka da masana'antun, kamar yadda ta kasance a jihohin Maharashtara da Tamil Nadu na Indiya. Masana'antar Bacita ta fara aiki tun 1964, ta Numan kuma a 1980, amma har yanzu mafi yawan sukarin da ake sha a Nijeriya ta teku yake shigowa. A wa'adi na biyu na shirin sukari, wajibi ne kasafin da ake warewa domin filaye da injuna ya haɗa da na wuraren reno, da na gwajin magungunan da za a yi amfani da su a cikinsu.